Kojo Ya Yi Latti

Malanville, ranar Lahadi

Zuwa ga matata Zalika, Maman Mufida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Mufida da Inna da duk mutanen gidanmu na Gaya. Yaya zafi? Yaya ƙafar Inna, ta bar kumburi? Ni nan lafiya lau, sai kewarku da ta hana ni jin daɗin tuwon kowa.

Tunda wayarki ta ga dama ta yi wanka a kogi, gada kuma har yanzu a rufe, ga mijinki ya koma biro da takarda kamar ɗan makarantar lakwal. Diza mai kifi za ta hayo miki da ita cikin jirgi. In kin gama dariyar rubutuna ki karanta labarin, don makon nan mijinki ya yi aikin manya.

Kin san Baba Sodangi na Garou, tsohon da nake yi wa dillancin albasa. Kin kuma sha jin labarin amininsa Kojo, mutumin Gana, ɗan garin Tachiman, wanda yake zuwa sayen albasa duk shekara tun ina yawo ba wando. Kojo yana jin Hausar zango, don haka ba su taɓa neman tafinta ba. Su zauna ƙarƙashin rumfa su yi ta faɗa a kan farashi har maƙwabta su leƙo, in an jima ka gan su suna cin busasshen kifi a akushi ɗaya. Shi Kirista ne, amma shi ke tashin Baba daga barcin rana in an kira la'asar. Aibinsa ɗaya, bai san lokaci ba. In ya ce zai zo farkon cirar albasa, sai kowa ya saya ya tafi sannan ka hango malafarsa a bakin hanya.

Bana ma shiru. To ranar Alhamis ina tasha ana lodin kamiyo, babbar motar kaya, sai ga ɗan kabu-kabu ya zo a guje, wai ana neman Ɗan Gana, wato ni, a Garou. Baƙuwa ta sauka gidan Baba, ba ta jin Hausa, ba ta jin Dendi, ba ta jin Faransanci, sai Ingilishi. Ke kin san ban cika shekara a Kumasi ba, kuma cikin Hausawan zango na zauna, amma a kasuwar nan wa ya fi ni? Na karkaɗe rigata na hau.

Na same ta zaune a tabarma, doguwa irin ubanta, da baƙin zane da baƙin ɗankwali, ta rungume jaka a cinya. Sunanta Abena, ɗiyar Kojo ce, aikin asibiti take yi a babban birninsu. Mutanen gida da maƙwabta duk sun kewaye ana jirana. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura.

Baba ya ce, "Ɗan Gana, tambai ta, ina uban nata?" Na tambaya. Ta sunkuyar da kai ta yi magana mai tsawo da ƙaramar murya. Yawanci ya wuce ni, amma abu ɗaya ya fito fili, ta ce mahaifinta is late. Na ji sanyi a raina, don wannan kalma ko Mufida ta san ta. Ita ce lattin nan da muka koya a bakin mutanen Najeriya har ta zama tamu. Na ce wa Baba, Kojo ya yi latti, yana tafe.

Baba ya kwashe da dariya har da dukan cinya. Ya ce, "Kojo ke nan! Wanga ai ba labari ba ne. Hwaɗa mata tun da nis san ubanta bai taɓa zuwa bisa lokaci ba." Na juya na ce mata babanki bara late, bana late, kullum late. Kowa ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dubi Baba, idonta ya kawo ruwa. Ai ɗiya ba ta son a yi wa ubanta ba'a cikin mutane.

Sai ta ƙara magana. Na tsinci Asabar, na tsinci ƙarshen wata, da Tachiman, da dangi, da ku zo. Akwai wata kalma da ta yi ta maimaitawa wadda ban taɓa ji ba, amma in an haɗa dangi da Asabar da ku zo, me ya rage in ba biki ba? Na ce wa Baba ana gayyatarsa biki. Ya ce, "Albasa na ƙasa, wa ka zuwa biki? Shi taho shi ci kihina tukuna, in ya so mu yi maganar biki." Na taƙaita mata, Baba ba lokaci, albasa.

Ta buɗe jaka ta fito da malafar Kojo, tsohuwar nan mai igiyar fata wadda Baba ya ba shi da daɗewa. Ta ajiye a gabansa da hannu biyu, ta miƙe. An kawo fura, an kawo shinkafa, ko taɓawa ba ta yi ba, ta hau babur ɗin da ya kawo ta. Baba ya tambaye ni ita kuma malafar ta mece ce. Na ce ya aiko ta ne ta riƙe masa wuri. Maganar ta yi masa daɗi, ya rataye ta a ginshiƙin rumfa daidai inda Kojo ke zama, ya sa aka cika mini leda da kifi.

Abin da ya ɗan tsaya mini shi ne kallon da ta yi mini daga kan babur. Amma yaran birni ba su san wasan tsofaffi ba.

Ki gaishe da Inna da kyau, ki shafa mini kan Mufida. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Habibou Ɗan Gana

Malanville, ranar Talata

Zuwa ga Zalika,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Mufida, da fatan kuna lafiya. Na samu amsarki da yajin da kika aiko, Allah ya saka da alheri. Jikina lafiya yake. Sauran kuwa, ki zauna ki karanta wannan ke kaɗai.

Kin tambaye ni a takardarki ko mutanen Gana da baƙin zane suke zuwa gayyatar biki. Da na karanta dariya na yi, na ce ji matar nan da ba ta taɓa wuce Malanville ba tana koya mini Gana. Yanzu ba na dariya.

Ranar Juma'a da safe muna teburin mai shayi, ina ba da labarin Abena, ina kwaikwayon kaina, bara late, bana late, mutane suna dariya. Cikinsu akwai Faruku mai shagon magani, mutumin Kamba, wanda ya yi karatu a Birnin Kebbi. Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye kofi ya ce in maimaita masa yadda ta faɗa daidai. Na maimaita. Ya tambaye ni kayan da ta sa. Na faɗa. Sai ya kama hannuna ya kai ni bayan wata kamiyo, Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini. Ya ce, "Habibou, mutumin nan ya mutu. Rasuwar ubanta taz zo hwaɗa muku."

Zalika, ban yarda ba. Na yi masa gardama, kin san halina. Na ce latti latti ne, kowa ya san shi. Ya ce rabin kalmar muka ɗauko muka bar rabi. In ɗan makaranta ya zo bayan an buga ƙararrawa, late ne. In dare ya yi nisa, shi ma late ne. In an ɗan ƙara mata wutsiya sai ta zama an jima, wata wutsiyar kuma ta zama kwanan nan, wata ta zama sabon yayi, irin wayar da ta fito bana. In likita ya ce abu ya yi late da yawa, to ba sauran magani. Sannan in mutumin Gana ko na kudancin Najeriya ya sunkuyar da kai ya ce ubansa is late, babu motar da za ta kawo shi. Kalmar nan kuma da ta yi ta maimaitawa, da na kwatanta masa yadda na ji ta, ya ce jana'iza ce.

Tun ranar abin nan nake juyawa. Mu in mutum ya rasu cewa muke ya riga mu gidan gaskiya, mu kira shi marigayi, wanda ya yi gaba ya bar mu a baya. Su kuma sai su ce ya makara. Ta yaya mutum zai yi zaton haka? Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa don in samu sauƙi, ban samu ba. Ba wanda ya hana ni in ce mata ta maimaita. Ba wanda ya hana ni in ce a kira Faruku. Mutane ne suka kewaye suna kallon bakina, ni kuma ba na son a ji Ɗan Gana ya ce bai gane ba.

Ki duba abin da yarinyar nan ta gani. Ta taso tun daga Gana da ƙafarta, don ubanta ya fi ƙarfin a aiko da saƙonsa ta waya. Ta shiga gidan amininsa ta ce ya rasu, tsohon ya yi dariya har da dukan cinya. Ta ce ya zo jana'iza, aka ce mata ba lokaci, albasa. Kuma da bakina ta ji duka. In na tuna na tsaya a kanta ina cewa kullum late, sai in ji kamar in haƙa rami in shiga.

Washegari na tafi Garou da niyyar in faɗa wa Baba. Na same shi yana juya kifi a kan wayar banda, wai na Kojo ne, ya fi son wanda ya sha hayaƙi sosai. Ya ja ni rumbu ya nuna mini albasar da ya ware masa, manya jajaye, ko tabo babu. Wani ɗan kasuwa daga Kutonu ya zo ya yi ta roƙo a sayar masa, Baba ya ce tana da mai ita. Muna zaune ƙarƙashin rumfa, malafar tana rataye a kanmu, duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai ya miƙa wuya. Ya ce, "Ɗan Gana, wanga lattin na bana ya hi na kullum." Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa hanya ce ba kyau.

Na sake komawa jiya, na sake dawowa da maganata a ciki. Yanzu in na hango ɗan Baba a kasuwa sai in shige tsakanin buhuna.

Ga abin da nake gaya wa kaina. Wanda ya rasu an riga an binne shi tun ranar, ƙasa ta rufe. Taron ƙarshen watan nan ba zai wuce irin sadakar arba'in tamu ba, ko Baba ya je ko bai je ba, Kojo ba zai tashi ba. Bari tsohon ya gama cirar albasarsa cikin kwanciyar hankali, in samu ranar da ba mutane, in faɗa masa a tsanake. Ko kuskure nake yi? Ki ba Diza amsa, amma don Allah kada Inna ta ji.

Ki yi mini addu'a. Ina gaida kowa.

Mijinki,
Habibou

Malanville, ranar Alhamis

Zalika,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya. A tsaye nake rubutun nan a tasha, Diza tana jirana, ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa. Amsarki ta same ni shekaranjiya. Layi ɗaya kika rubuta, ki ce in tashi in je yanzu. Ban je ba. Da na ji maganarki da yanzu muna tsakiyar hanya.

Yau da hantsi wani direba mai suna Zahiru, Bahaushen Kumasi, ya shigo lodin albasa. Muna gaisawa ya ce ashe mu ba za mu jana'izar Kojo ba. Na ce wace jana'iza kuma, mutumin da ya yi makonni da rasuwa? Ya dube ni da mamaki. Ya ce su Kojo ba sa binne mutum ranar da ya mutu. Ana ajiye gawa a ɗakin sanyi na asibiti har dangi na nesa su hallara, a ɗinka kaya, a sa rana. Kojo yana nan kwance ba a binne shi ba. Jibi Asabar da safe za a kai shi.

Ashe duk kwanakin da nake ɓuya tsakanin buhuna ina cewa ƙasa ta rufe, mutumin yana can yana jiran amininsa. Na zauna a Gana, amma ban taɓa leƙa jana'izar da ba ta zango ba.

Zahiru ya ƙara da abin da ya fi wannan. Ya ce a kasuwar albasa ta Tachiman ana maganar wani tsohon Garou da Kojo ya riƙa a matsayin ɗan'uwa, wanda aka kai wa labarin rasuwa ya yi dariya. Bai san da wa yake magana ba. Sunan Baba Sodangi ne ke yawo a bakin mutane a wata ƙasa, mutumin da bai taɓa cin amanar kowa ba.

Ban san lokacin da na hau kabu-kabu ba. Na samu Baba a gona yana duba masu cira. Na ce ina son magana da shi shi kaɗai, muka koma rumfa. Na durƙusa. Na faɗa masa duka, kalmar da ma'anarta biyu, da bikin da ba biki ba ne, da Asabar. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai zage ni ba. Ya daɗe yana kallon malafar. Sannan ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce, "Yaushe kas sani?"

Na so in ce yau. Wallahi kalmar ta zo har bakina. Na ce tun Juma'ar da ta wuce waccan. Ya ce, "Kenan ranar da kaz zamna nan ina nuna maka kihinai, ka sani." Na ce na sani, Baba. Zalika, da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ya miƙe ya sauke malafar ya karkaɗe ta ya sa a kansa. Ya kira ɗansa ya ce a cika buhu ɗaya da albasar rumbu, a ƙunshe kifin. Na ce zan nemo Faruku ya raka shi, tunda shi ya iya Ingilishi na gaskiya. Ya ce, "A'a. Kai za ka tahi da ni."

Motar Parakou tana cika. Daga can sai Djougou, mu ratsa Togo mu shiga Gana ta arewa. Zahiru ya ce in hanya ta yi kyau muna iya riskar su kafin a fita da shi. Ki roƙa mana Allah mu isa. Ki ce wa Inna aiki ya kai ni Gana.

Naki,
Habibou

Tachiman, ranar Litinin

Zuwa ga matata Zalika, Maman Mufida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa ta kewa, ina gaida Inna, ina gaida Mufida. Ina fata zafi bai matsa muku ba. Mu muna lafiya, ni da Baba, mun sauka a zango gidan wata dattijuwa mai sayar da albasa, Hajiya Habsatou, wadda ta san Kojo tun suna matasa. Wani yaron mota da zai riga mu tashi zai kai wa Diza takardar nan. Na fi son ki karanta ta kafin ki ga fuskata.

Ba mu riske su ba.

Motarmu ta lalace bayan Djougou, muka yini a bakin hanya. Da muka kai iyakar Gana an rufe, sai da muka kwana. Duk tafiyar nan Baba bai yi mini magana ba sai in lokacin salla ya yi, ko in ya miƙo mini ruwa. Buhun albasar nan kuwa bai yarda a ɗora shi saman mota ba, tsakanin ƙafafunsa ya riƙe shi har Tachiman. Mun shiga garin ranar Asabar bayan la'asar.

Ba sai mun yi tambaya da yawa ba, ganguna suka kai mu. An kafa rumfuna a fili, mutane cike cikin baƙi da ja, dangi sun jeru a kujeru, baƙi suna bi suna ba su hannu. Ga hoton Kojo babba a tsakiya yana murmushi. Muka shiga layi, tsoho da malafa da ƙurar ƙasa uku a riga, ni a bayansa da buhu a ka. Hajiya Habsatou ce ta fara gane malafar, ta taso ta tsaya kusa da mu.

Abena tana zaune kusa da mahaifiyarta. Da ta ɗaga kai ta gan mu sai fuskarta ta ɗaure. Ba ta miƙo hannu ba. Ta dubi Baba ta yi magana gajeriya, kuma kalmar nan ce dai a ƙarshenta. Baba ya juyo ya ce, "Mi tac ce?" Na ce, ta ce mun yi latti, Baba, an binne shi tun da safe. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wanga karo ka hwaɗi daidai."

Hajiya ta ce bari ta yi musu bayani da yarensu. Baba ya ce a'a, ya nuna ni, ya ce ni zan fara. Na sauke buhun na durƙusa a gaban matan nan biyu, mutane suna kallo, ganguna suna tashi. Duk Ingilishin da nake taƙama da shi a Malanville, na nawa ne, kawo kuɗi, dawo gobe, babu ko ɗaya da ya yi mini amfani. Na yi ta nuna ƙirjina ina cewa ni ne, ba Baba ba. Na ce late ɗaya na sani, na mota. Na ce Baba bai sani ba, Baba yana jira, Baba ya yi kifi. Na kwance ƙunshin kifin na nuna mata kamar wani shaida. Daga nan Ingilishina ya ƙare, Hajiya ta karɓa ta faɗi sauran, har da kwanakin da na yi ina ɓoyewa, don na roƙe ta kada ta rage komai.

Mahaifiyar ce ta fara kuka. Ta kama hannun Baba da hannu biyu tana kiran sunansa, ashe ta san sunan shekara da shekaru ba ta taɓa ganin mai shi ba. Abena ta dubi Baba. Sannan ta faɗa wa Hajiya cewa ranar da ta baro Garou har Parakou tana kuka, ba don rasuwar ba, don tana ganin ubanta ya yi rayuwarsa yana son mutumin da bai damu da shi ba. Ta tashi da kanta ta kawo wa Baba ruwa da kujera. Ni ta ba ni hannu, amma ba ta dubi fuskata ba. Ban ga laifinta ba.

Kafin rana ta faɗi Abena ta ce za ta kai Baba kabarin. Hajiya ƙafarta ba ta kaiwa can, don haka mu uku muka tafi. Yana bayan gari, ƙasar ja ce, ko bushewa ba ta yi ba, an jera furanni a kai. Baba ya cire malafar ya riƙe a ƙirji. Ya matsa kusa da kabarin. Sai ya ce, da muryar nan da yake yi masa faɗan farashi da ita, "Kojo, shekara da shekaru kai ka yin latti, ni ka jiranka. Bana ka riga ni." Sannan ya rufe fuska da malafar, kafaɗunsa suna rawa.

Abena ta juyo wurina, karo na farko ta dube ni ido cikin ido, ta tambaye ni me ya ce. Zalika, na ji kowace kalma, kuma na san abin da zan iya harhaɗa mata wanda zai yi kama da shi. Amma a harshensu wanda ya riga shi ne ya makara, ban san ta inda zan kama maganar ba tare da na sake ɓata ta ba. Na ce mata ban iya ba. Na ce in mun koma Hajiya za ta faɗa mata. Ta dubi Baba, ta girgiza kai alamar ba sai an faɗa ba, ta je ta riƙe masa hannu har ya gama.

Gobe za mu kamo hanya in Allah ya so. Jiya da muka zauna cin abinci Baba ya turo mini akushinsa mu ci tare, amma har yanzu bai kira ni da sunan da ya saba ba, kuma ba na fata ya kira. Ke ma ki faɗa wa mutanen gida, da Diza, da duk mai tambaya, sunan da Inna ta raɗa mini ya ishe ni.

Ki gaida kowa da kowa. Ki ce wa Mufida babanta yana tafe, kuma in Allah ya yarda ba zai daɗe ba.

Mijinki mai kewarki,
Habibou